Sista Yemima da Ba Ta Karɓar "Da Sauƙi"

Kafin masu shaguna su gama share ƙofofinsu a Kafanchan, Sista Yemima Shekari ta riga ta rataya jakar na'urar awon jini ta tare ɗan acaba. Asibitin ba shi da nisa, amma ba ta taɓa isa kai tsaye ba. Sai ta tsaya wajen mai ƙosai ta ce miƙo hannu, ta tsaya wajen mai faci ta ce naɗe hannun riga. Shi kansa ɗan acaban bai tsira ba. Akwai ma waɗanda in sun hango ta sai su kawar da kai, don sun san ba su sha maganinsu ba. A ƙarshen watan nan take ajiye aiki, bayan dogon zamani tana jinyar masu shanyewar ɓarin jiki, kuma gaskiya ba za mu bari ta tafi shiru ba.

Kowa ya san ta da abu guda: ba ta karɓar "da sauƙi". Ai kun san halinmu. Mutum yana kwance ko juyawa ba ya iyawa, ka tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ita kuwa sai ta ɓata rai ta tambaya sauƙin me, ta ce a kawo hannu ta gani. Takan ce hawan jini ba ya ihu. Mutum ya sha magani na ɗan lokaci, ciwon kai ya tafi, ya ce ai da sauƙi, ya jefa sauran ƙwayoyin ƙarƙashin gado, shi ke nan sai a ji ya faɗi a gona.

Wata shekara wasu likitoci masu bincike suka zo daga wata jami'a. Suna son sanin abin da ke jawo cutar a yankinmu, da wa ke tashi, da wa ba ya tashi. Sista ce ta yi musu jagora gida gida, Manchok, Kagoro, har Nok inda sai an sauka an taka. Kai, ta sha musu kai da tambaya! Abin da ta kwaso a wajensu ba ta riƙe ba, taron Zumuntar Mata na majami'a ta kai shi: hawan jini ne kan gaba, sai ciwon suga, da gishiri da dunƙulen da muke antaya wa miya, da taba, da burukutu. Ta ce in baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, a yi addu'ar a cikin mota, a nufi asibiti. Wata likita a cikinsu ta gaya mata cewa wasu da cutar ta ƙwace wa magana ba ta ƙwace musu waƙa ba, domin a ƙwaƙwalwa ba waje ɗaya suke zaune ba. Wannan magana ta zauna mata a rai.

Sai ga Baba Meshak na Kagoro, tsohon hedimasta, wanda ya daɗe yana koyar da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'arsu. Shi ma yana cikin masu jefa magani ƙarƙashin gado. Wata safiya yana ɗaura takalmi ya sulale ƙasa. Matarsa, Mama Tamar, ta ji jawabin Sista a Zumunta, don haka ba ta tsaya shafa mai ba, ta nemo mota. Saurin nan ya ceci ransa. Amma ɓarin damansa ya mutu, maganarsa kuma ta tafi kaf, ba abin da ya rage a bakinsa sai "da sauƙi".

Da farko murna aka yi. Masu dubiya su tambaya, ya amsa, su fita suna gode wa Ubangiji. Da Sista ta zo, sai ta tambaye shi sunansa. Ya ce da sauƙi. Ta tambaye shi ko yana son ruwa. Ya ce da sauƙi, hawaye na bin kuncinsa. Nan ta gane mutumin yana jin komai, ya san abin da yake so ya faɗa, bakin ne ya ƙi.

To, ga auren autarsa Lucia ya matso. A majami'a fasto zai tambayi wanda ke ba da yarinyar aure, uba kuma ya miƙe ya amsa. Dangi suka zauna suka yanke cewa ƙanensa Nathan ne zai amsa. Ba mugunta ba ce, tsoro suke kada ya ce da sauƙi a gaban surukai a kwashe da dariya. Kuskurensu shi ne a ɗakinsa suka yi shawarar, yana kwance yana ji. Tun ranar ya juya fuska bango, ya ƙi abinci, ya ƙi motsa ƙafa.

Hankalin Sista ya tashi ƙwarai, don ta san in ya daina motsi ƙafar za ta sandare, ba zai ƙara tashi ba. Ranta ma ya ɓaci, kuma ba ta ɓoye wa Nathan ba. Ta ce masa, "Baba, ban yi maka alkawarin komai ba. Amma kada ka karɓi wurin yayanka tukuna. Ka bar mini shi zuwa makon biki."

Da ta tashi aiki ta hau acaba sai Kagoro. Ta zauna bakin gadon, ta kama hannunsa na hagu tana bubbuga shi a katifa, ta ɗauko wata tsohuwar waƙar sujada. A nan dole a faɗi gaskiya: Sista Yemima ba ta da murya. 'Yan Zumunta sun daɗe da mayar da ita layin baya suka ba ta kacau-kacau ta riƙe. Tana farawa Baba Meshak ya yamutsa fuska. Ta ci gaba. Ya juyo ya harare ta. Ta ƙara ɗaga murya, ta kauce hanya gaba ɗaya. Ai kuwa tsohon malamin kwaya ya kasa daurewa, ya buɗe baki don ya gyara mata, sai ga baitin ya fito cikakke, kalma bayan kalma! Mama Tamar ta saki kwanon da ke hannunta ta durƙusa a ƙofa. Sista kuwa dariya take tana kuka, tana cewa ya maimaita.

Daga nan aiki ya kankama. Ta ɗora amsar da zai ba fasto a kan muryar waccan waƙa, suna yi suna sakewa. Wata rana ta fito, wata rana ta ƙi, ya yi fushi ya ture hannun Sista, washegari ta dawo. Ba waƙa kaɗai ba: ta sa shi tsayuwa, ta sa shi taku da sanda daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gindin mangwaro. Magani a gabanta yake haɗiyewa. Miya ta koma mai ƙarancin gishiri, yana ci yana tsaki.

Ranar biki majami'a ta cika maƙil. Baba Meshak ya shigo a hankali, sanda a hagu, Lucia riƙe da hannunsa da ya mutu, Nathan a bayansu a shirye. Fasto ya yi tambayar. Leɓɓan tsohon suka motsa, Sista ta ga sarai "da sauƙi" ce ke shirin fitowa. Sai ta fara bubbuga bayan benci, ta saki muryar nan tata ƙasa ƙasa. Ya ji ta. Ya ɗaga kai, ya ja numfashi, ya rera:

"Ni ne ubanta. Ni na ba da ita."

Ina! Wa zai iya zama? Guɗa ta tashi ta ko'ina, 'yan Zumunta suka cafe maganar suka mayar da ita amshi, tulunan kiɗa suka ɗauka, fasto ya ajiye littafinsa yana tafi. Nathan ya rungume yayansa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Sai da aka daɗe kafin a iya ci gaba da ɗaurin auren.

Sista, ke ce kika ƙi yarda da amsar da kowa ke yarda da ita. Ke ce kika ɗauko abin da masana suka gano kika shigar da shi ɗakunanmu, da ƙafarki, da haƙurinki, har da muryar da ake yi miki dariya a kanta. Uwar marasa baki, ba kowa kika tayar ba, kuma ba ki taɓa yi mana ƙarya a kan haka ba. Hannun Baba Meshak bai dawo ba har yau, maganarsa gajera ce. Amma da bakinsa ya aurar da 'yarsa.

Mun gode, Sista Yemima. Ubangiji ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara miki ƙarfin gwiwoyin da suka sha acaba dominmu. Mu kuma da muka rage, mu auna jininmu, mu shanye maganinmu har ƙarshe. Kuma a gidaje da yawa a yau akwai wani uba ko wata uwa a ɗakin baya, da aka daina yi wa magana don ba ya amsawa. Yana jin ku. Ku shiga ku zauna kusa da shi.