Khal ɗin Gwaggo

Ni mace ce mai karambani a gaban tukunya. Ko miyar wani na tarar a wuta sai na ƙara mata gishiri. Shi ya sa zamana da gwaggona a unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, bayan rasuwar mijina, ya zame mini makaranta.

Gwaggo khal take yi, ruwan tsamin inabi, kuma mutanen unguwa har layi suke yi mata kafin azumi. Ba ta sayen manyan inabin nan masu sheƙi na kasuwar Bab Makka. Nata daga duwatsun Ɗa'ifa wani direba yake kawo mata su, ƙanana, baƙaƙe, fatarsu ba kauri, kana taɓawa su fashe. Ta ce can sanyi ne ke raino, inabi ba ya gaggawar nuna, shi ya sa zaƙinsa bai kashe tsaminsa ba.

Aikin kuwa har haushi yake ba ni don rashin wahalarsa. Ta murje inabin da hannu a tuluna uku, ta zuba tsohon khal na bara mai yawa tun a ranar, don ya rinjayi sabon ruwan kada ya zama abin da Allah ya hana. Ta ɗaure bakin da farin ƙyalle, ta tura ƙarƙashin bene. Ba ruwa, ba sukari. Wannan tsohon khal ɗin take kira uwa, kuma daga hannun mahaifiyarta ya fito, kowace shekara ana ɗibar na bana a ajiye wa baɗi.

"Gwaggo, ko ɗan motsawa ba za a yi ba?" na tambaye ta.

"Ke, ya binti, 'yata, shi ya ce miki yana ciwo? Halas, shi ke nan, bar shi."

Wallahi ina sha'awar matar nan. Ban taɓa ganin wanda ya yarda da aikinsa har ya iya juya masa baya kamar ita ba.

Shekarata ta uku a gidan, sati biyu da rufe tulunan, ƙafarta ta kumbura aka kwantar da ita asibiti. Duk uwar da take da ita ta riga ta shiga ciki. Na daure kwana goma, sannan halin ya motsa, na kwance ƙyallen. Wata fata na gani a saman ruwan, fara-fara, mai yauƙi kamar kuɓewa. Na ce shi ke nan, ya ruɓe. Don kada ta dawo ta ga asara da idonta, na tuttule tulu biyu a magudana, na wanke su tas. Na ukun ya fi ƙarfina, na bar shi sai na sami mai kama mini.

Da yamma na kai mata abinci, na ba ta labari har da ɗan alfahari.

Ta kalle ni. "Fatar nan ita ce ransa. In ta fito, ya kama ke nan."

Sai ta juya fuskarta bango. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Saura ɗaya, Gwaggo," na ce.

"To ki ɗaure hannunki."

Na ɗaure. Wata biyu ina wucewa ta gaban tulun nan ina kawar da kai, tsoro fal cikina kada buɗewar da na yi ta kashe shi, abin da ya tsallake kakata ya mutu a hannuna.

Ranar da ta dawo, kan kujera aka kawo ta gaban tulun. Ta tsoma cokalin katako, ta shinshina, ta ɗanɗana. Launinsa ja ne mai haske, ƙamshinsa ya cika zauren. Ta ce in kawo kwalaben uwa. Ta cika su da kanta, ba ta bar na sayarwa ko ɗigo ba. Na miƙa hannu zan kai mata su cikin akwatinta.

"A'a," ta ce. "Kai ɗakinki. Baɗi ke za ki zuba, ni ƙafar nan ba za ta kai ni ba."