Faifan Wasan Kabo da Durun

Yayana ya ci ƙwallo sau ɗaya a rayuwarsa, a wasan ƙarshe na wani kofi da aka buga tsakanin samarin Kabo da na Durun. Ina makarantar kwana a lokacin, ban gani ba, amma na ji labarin har na haddace. Yanzu taki da maganin feshi yake sayarwa, ya ajiye tumbi, in ya sunkuya sai ya huta kafin ya ɗago. Duk da haka, da an taɓo maganar sai ya miƙe tsaye ya nuna yadda ya yi tsalle ya sa mata goshi.

Wanda ya tsare ragar Durun a ranar yanzu tela ne, kuma amininsa. Shi cewa yake Yaya bai yi wani tsalle ba. Juya baya ya yi kada ƙwallo ta fasa masa hanci, ta daki ƙeyarsa ta faɗa raga. A kan wannan suke tun ba su yi aure ba, ga shi har 'ya'yansu sun shiga sakandare.

Ana nan sai mai ɗaukar bidiyon garinmu Kabo ya bar sana'ar ya koma sayar da kayan waya. Ya zuba tsofaffin faya-fayansa a kwali ya ajiye a bakin shago, ya ce kowa ya zo ya duba nasa. A ciki Yaya ya tsinci wani faifan DVD an rubuta masa "Fainal" da jan alƙalami.

Ni a Gwarzo nake koyarwa, kuma ina da wata tsohuwar kwamfutar tebur, ta gwanjo, da nake buga tambayoyin jarrabawa da ita. A dangi kaf ita kaɗai ta rage mai wurin saka faifai. Ana saura 'yan kwanaki a tsinci faifan nan na kai ta wurin wani mai gyara kusa da tasha, saboda ta yi nauyi, in ka kunna ta sai ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba. Ya ƙara mata ram, abin da ke sa ta sauri, ya sa mata rumbun ajiya na biyu, ya liƙa mata sabuwar fanka. Ta dawo gida da sauri kamar an sake ta.

Wata ranar Asabar da hantsi suka iso a babur, Yaya a gaba, tela a baya. Muka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki, aka tambayi hanya. Sannan Yaya ya zaro faifan daga aljihun gaba, naɗe a hankici, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na danna maɓalli, tire ya fito, na ɗora, ya koma. Na'urar ta yi gurnani, 'yar fitilarta ta yi ta ƙyaftawa, sai kuma shiru. Allo ya rubuto cewa a saka faifai.

"Me ta ce?" in ji Yaya.

"Ta ce babu komai a ciki."

Tela ya gyara hula. "Ko na'ura ba ta son shaidar zur."

Yaya ya karɓi faifan ya hura masa iska, ya goge da gefen babbar riga. Muka sake sawa. Tela ya ce ya taɓa ji ana shafa man goge baki, Yaya ya ce ba da hannunsa ba. Don in raba gardama na ɗauko faifan bikina, wanda na san ta sha karantawa. Shi ma ta ce babu komai a ciki. Matata daga ɗaki ta ce ita dai ta san an yi bikin.

Sai na gwada wani faifan CD na karatun Alƙur'ani. Nan take ta karɓa, ƙira'a ta cika ɗaki. Mai gidan da nake haya, wani dattijo malamin Islamiyya, ya leƙo ya tambayi abin da ake ciki. Na yi masa bayani: tana karanta wannan, amma ta ƙi bidiyon ƙwallo, ta ƙi na biki.

Ya jinjina kai. "To ai wannan ba lalacewa ba ce, Malam. Shiryuwa ta yi."

Suka koma Kabo ba su ga komai ba. Yaya ya bar mini faifan bayan na yi masa alkawarin ko ta gyaru ba zan kalla ba sai kowa yana nan.

Na yi duk abin da na sani. Na naɗe auduga a tsinke na goge idon na'urar da sifirit. Na cire manhajar da ke sarrafa ta na sake sawa. Na buɗe cikin kwamfutar na danne wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na kaɗe ƙura, na rufe, ƙusa ɗaya ta yi saura ban san gurbinta ba. Na nemi na'urar kallon DVD a unguwa. Gidan da na samu, an ɗora mata tukunyar fulawar roba, kuma bakinta ya ƙi buɗewa tun bara. Kullum da safe Yaya zai kira. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ya mai jiki?"

Da na gaji na ɗora ta a babur na mayar wa mai gyara.

"Malam, ni ban taɓa wajen faifai ba," ya ce tun kafin in sauke ta. "Ajalinta ne ya zo daidai da aikina."

Ya ciro wata na'urar faifai daga jikin wata matacciyar kwamfuta a ƙarƙashin teburinsa, ya musanya. Ita ma ta yi gurnani ta yi shiru. Muka tsaya muna kallonta. Ya ce ai wannan ma dama ba ta da tabbas.

Na ce masa tunda lafiyarta ƙalau kafin a yi mata ƙari, mu cire abin da aka ƙara ɗaya bayan ɗaya mu gani. Bai so ba, fuskarsa kamar an ce wa magini ya rushe katangar da ya gama jiya. Ya cire ram ɗin, babu canji. Ya mayar. Ya zare wayar sabon rumbun da ta fankar, ya kunna. Faifan ya fara juyawa, ƙarar ta yi ta hawa ba ta yanke ba, sai ga hoton fili da rumfa a allo. Na yi maza na rufe, saboda alkawari.

Mai gyara ya leƙa akwatin wutar da ke cikinta, ya sosa ƙeya. Ya ce tsoho ne, ƙarfinsa ya ragu. Tuwon mutum biyu ne aka ƙaro baƙi, kuma DVD ya fi CD cin wuta, shi ya sa shi ne ya fara kwana da yunwa. Ya ce zai sa a kawo wani daga Kano. Na gaya wa Yaya a waya, ya ce shi ba zai jira Kano ba, a bar baƙin a waje.

Asabar ta gaba na kai ta gidanmu a Kabo. Aka aro janareta, aka kafa tebur a inuwar tsakar gida. Maƙwabta suka shigo, tela ya zo da wasu mutanen Durun a matsayin shaidu. Inna, mahaifiyarmu, ta jawo kujerarta gefe tana ɓare gyaɗa a faranti. Ta ce ita ba kallo ta zo ba, inuwarta aka tare.

Rabin faifan isowar manyan baƙi ne. Muka ga an sauko daga mota, an gaisa, an zauna, an sake tashi an gaisa. Da aka fara wasan, daga nesa aka ɗauka, 'yan wasan kamar ƙudaje a tabarma. Duk da haka an gane Yaya, siriri kamar sillen kara. Matarsa ta ce ba ta san wannan mutumin ba.

"Ga shi nan, ga shi nan!" Yaya ya miƙe. "Kwana ce. Kowa ya yi shiru."

Aka bugo kwana. Ƙwallo ta tashi sama ta nufo taron da ke gaban raga. A daidai nan mai ɗaukar bidiyo ya juya kan babban baƙo, wanda ke ƙoƙarin buɗe kwalbar lemo da gefen kujera. Fili ya ɗauki ihu. Babban baƙo ya ɗago kai, lemon ya zube masa a riga. Da hoto ya dawo fili, Yaya na gudu ba riga, tela na zaune a ƙasa.

Aka mayar baya aka sake kallo. Lemon ya sake zubewa.

"Ku saurari ƙarar," in ji Yaya. "Wannan ƙarar goshi ce."

"Na sha jin ƙarar goshi," in ji tela. "Wannan ƙeya ce."

Suna cikin haka na bar faifan yana tafiya. Mai ɗauka ya bi 'yan kallo da ke murna a gefen fili. Sai Inna ta ajiye farantinta.

"Kai, tsaya. Koma baya kaɗan."

Na koma, na tsayar. A can ƙarshen taron, a gindin darbejiya, wani mutum ya yar da kekensa a ƙasa, ya cire hula yana kaɗa ta a sama, ƙafafunsa duka biyu ba sa taɓa ƙasa. Baba ne, mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa. Mutumin da ya ce ƙwallo aikin marasa aikin yi ce, wanda ya taɓa jefa takalman wasan Yaya a kan rufin ɗaki suka yi damina a can.

Inna ta matso da kujerarta har gaban allo. Ta daɗe tana kallo.

"Ce mini ya yi ta'aziyya za shi," ta ce.

Yaya ya ce bari ya duba janareta, ya fita, ko da yake lafiya lau take aiki. Tela ya bi bayansa. Na kai hannu zan ci gaba da faifan, Inna ta ce in bar shi a nan. Ta jawo farantinta ta ci gaba da ɓare gyaɗa, a haka muka zauna har aka kira azahar.