Randar Gwaggo Nagode

Duk wanda ya taɓa shan ruwa a gidan Gwaggo Nagode a Dakko ya san randarta. Tun da dam ɗin Bakolori ya tashe su daga ƙauyensu ta wajen Dosara, rijiyarsu ta nutse, ruwan kanal ɗin ban-ruwa suke sha, wanda ke zuwa jawur kamar kunu. Wasu su ɗebo su kwankwaɗa haka nan. Nagode kuwa sai ta ajiye shi a tulu ya wuni, laka ta kwanta, sannan ta tsiyaye na sama a randa. Har tsokanarta ake yi, wai ta fi haƙuri da ruwa a kan mutane. Ba ƙarya aka yi mata ba kuwa, don ba a taka ta ta yi shiru.

Haihuwarta shida, Falalu kaɗai Allah ya bar mata, manomin shinkafa da tumatir a bakin kanal. Yana da shekara talatin da 'yan kai ƙafafunsa suka fara kumbura. A wani asibiti a Sakkwato aka ce ƙodarsa ta gaza, aka sa masa siririyar roba a cikinsa. Ta nan ake ɗura masa ruwan magani daga leda, ya jima a ciki ya kwashi dattin jiki, sannan a tsiyaye shi a wata leda, sau huɗu kullum. Wata nas, Maimunatu, ita ta koya wa Nagode aikin, ta kuma ba ta wani ɗan kati mai rubutu.

"Inna, in kin tsiyaye, ki aza ledar bisa katin ga. In kin ga baƙaƙen, lahiya lau. In ba ki gani ba, ku taho nan da nan."

"Ɗiyata, ni za ki koya ma duban ruwa?" in ji Nagode.

Wata bakwai tana yi ba kuskure. Wankin hannu kam har fatarta ta yi fari, kaza ma ba ta isa ta leƙa ɗakin ba. Falalu ya murmure, har yana takawa gona ya dubo yabanya.

Wata Talata da safe ruwan ledar ya fito fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ta ɗora a kan katin, ba ta ga komai ba. Sai hannunta ya yi abin da ya saba shekara da shekaru: ta rataye ledar a ƙusa, ta ce bari ya kwanta tukuna. Zuwa la'asar farin ya taru a ƙasa, saman ya washe, ga baƙaƙe nan tana gani. Ta yi hamdala. Da Falalu ya ce cikinsa na murɗawa, ta jiƙa masa kanwa, shi kuma don kada ya tayar mata da hankali ya ce ya ji sauƙi.

Haka aka yi Laraba, haka aka yi Alhamis. Ranar Juma'a jikinsa ya yi zafi rau, ciki ya ƙame, ko riga ba ya son ta taɓa shi. Aka nemo mota. Tun daga Dakko har Sakkwato Nagode na rungume da ledar a cinya, tana lallaɓa ta a kowane rami don kada ruwan ya tashi.

Maimunatu na karɓa ta girgiza ledar sau ɗaya, ruwan ya turnuƙe.

"Inna, yaushe yaf fara hakan ga?"

"Kwana ukku ke nan. Amma in na aje shi yana kwantawa."

Nas ɗin ta nuna mata ledar.

"Wanga ba laka ba ne, Inna. Ƙwayoyin cuta sun shiga cikinai, shi ne ruwan ka yin hwari. Da ɗuminai aka dubawa."

Aka kai ruwan ɗakin gwaji, aka fara allurai, aka zuba magani a ledojin. Cutar ta riga ta shiga jini. Falalu ya rasu ranar Litinin bayan azahar, kansa a kan hannun mahaifiyarsa.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwanansa ne ya ƙare, ita ma ta san haka. Amma sani bai hana ta ƙirga kwana ukun nan ba, har yau. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba sakaci ta yi ba, iya ƙwarewarta ta yi.

Bayan sadakar bakwai ta kife randar a bayan ɗaki, yanzu kaji ke hawa kanta. Idan baƙo ya yi sallama ya roƙi ruwan nan da ya ji labari, sai ta nuna masa gidan maƙwabciyarta.

"Tai gidan Altine, ɗana," in ji ta. "Ni ban iya duban ruwa ba."