Ranar da Goggo Mairama Ta Ɗinke Kanta da Bargo

A unguwarmu, in aka ambaci Goggo Mairama, kafin a tuna kirkinta ko daɗin nonon da ta taɓa sayarwa, sai an fara tuna ranar da ta ɗinke kanta da bargo. Wata Alhamis ce bayan Azahar, a tsakar gidan Hajiya Nafisat, mata sun cika tabarmi. Goggo ta ja zaren ƙarshe, ta datse shi da haƙori, ta ce ta gama. Ta miƙe don ta ɗaga aikinta kowa ya gani, sai bargo ya miƙe tare da ita. Ta ja shi dama, zaninta ya bi dama. Ta ja shi hagu, ɗaurin zanin ya fara kwancewa, ta yi wuf ta dafe ƙugu. Ashe tun daga gwiwa har ƙwauri ta haɗe bakin bargon da zanin jikinta. Ɗinkin kuwa ya miƙe sak, bai taɓa miƙe mata haka ba.

An yi dariya ranar har Hajiya ta sarƙe da ruwa. Sai dai dariyar ba ta kai La'asar ba, kuma masu ba da labarin ba su cika ƙarasawa zuwa nan ba.

Goggo ba 'yar cikin gari ba ce. A ruga aka haife ta, a bakin daji ta wajen Tabanni, a can aka aurar da ita ga Bakoji, a can ta haihu. Mu a Birnin Gwari da ƙwarya a ka muka san ta, ranar kasuwa, tana bin gidaje da nono da man shanu. Ludayinta ba ya rowa. In ka tsaya ciniki sai ta ƙara maka gyara don ka yi shiru. Da daji ya lalace, masu bindiga suka zo suka kore shanunsu. Bakoji ya tsaya a bakin garke yana roƙonsu, suka harbe shi a wurin. Washegari ɗansu na fari, Jumare, ya ɗauki sandarsa ya bi sawun shanun. Har yau ba shi ba labarinsa. Goggo ba ta kiran sunansa, don Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari. "Wancan yaron" take cewa, shi ma ba kullum ba.

Ta shigo gari da tabarma da ƙwarya fayau. Hajiya Nafisat, wadda ta daɗe tana sayen nononta, ta share mata ɗakin da ake ajiye hatsi.

A lokacin mutanen ƙauyuka sun cika gari, ana kwana a zaure da baranda, a kan siminti. Wanda bai taɓa kwana kan siminti da damina ba bai san inda ƙashin bayansa yake ba. Shi ne Hajiya ta fara aikawa shagon Isah tela a kwaso mata ƙyallayen da almakashi ya zubar. Mata na taruwa duk Alhamis, 'yan gari da 'yan gudun hijira, kowacce ta tsinci nata, ta haɗa guntayen atamfa da shadda da yadi su zama fuska, ta shimfiɗa tsofaffin zannuwa a ciki, ta rufe bayan da zani mai lafiya, ta bi da allura. Bargo ke nan.

Dokokin Hajiya biyu ne. Ta farko, duk bargon da aka gama sai an ɗaga shi a tsakar gida kowa ya yi masa tsiya son ransa. Ta biyu, mai ɗinki ba ta lulluɓa da nata. Layi ake bi kamar na adashi, naki ya tafi wurin wata, na wata ya zo miki. Hajiya ta ce mai ɗinki in ta rufa da nata, inda ya karkace kawai za ta riƙa lalubawa, amma wata ɗumi kaɗai za ta ji. Mun ga abubuwa a tsakar gidan nan. Juwairiyya, ɗaya daga cikinmu, ta taɓa kawo wani mai ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera, aka ce sai a nemo gurgu a ba shi. Nawa na farko an ce in kai wa masu gasa masara su riƙa fifita wuta. Ba wanda aka taɓa mayarwa.

Goggo ta shigo cikinmu da hannun da ya san hantsar saniya amma bai san allura ba. Ɗinki ɗaya ta iya a duniya, na ƙwaryar da ta tsage: a huda da zurfi, a ja zare da ƙarfi har kada ɗigon nono ya wuce. Haka ta kama yi wa atamfa. Duk inda ta bi sai yadi ya tattare. Kafin ta kai rabi bargon ya ƙi kwanciya, gefuna sun ɗago, tsakiya ta lotsa.

"Goggo," in ji Juwairiyya, "wannan lulluɓa za a yi da shi ko dama fura?"

"Ke dai in ruwa ya zubo ɗakinki, ki zo aro," in ji Goggo.

Akwai wadda ba ta sa baki a wannan tsiya. Jannatu ce, matashiya daga Kutemeshi, mai 'ya'ya ƙanana. An harbe mijinta Mustapha a gona, tana kwance cikin dawa da jariri a ƙirji tana jin komai. Ta ji maharan suna magana da Fillanci. A shekarun nan irin kallon da ake yi wa Bafulatani a gari ba sai na faɗa ba, ko da kuwa shi ma gawa ya baro a baya. Jannatu ba ta taɓa gaya wa Goggo baƙar magana ba. In Goggo ta gaishe ta takan amsa. Sai dai in Goggo ta zauna a tabarmar nan, ba a jimawa za ka ga Jannatu ta tuna almakashinta yana waccan.

Sai layi ya faɗo yadda ya ga dama: bargon Goggo na farko na Jannatu ne.

Hajiya ta ja Goggo gefe ta ce bari a yi musanya a ɓoye, a ba Juwairiyya, ba wanda zai lura. Goggo ta ce a'a, yarinyar tana da yara, ɗakinsu kuma ƙasa ce mai danshi. Daga nan ta ɗauki abin da zafi. Ta lura Jannatu na yawan ɗaura kore, sai ta riƙa rigan kowa zuwa buhun ƙyallaye tana tsince koraye. Ta ninka zannuwan ciki har allura na lanƙwashewa. Abin da take so bai ɓuya ga kowa ba. So take yarinyar nan ta karɓi abu daga hannunta.

Alhamis ɗin da na fara ba ku labarinta ce ranar miƙawa. Saura baki ɗaya ba ta rufe ba, ta ɗora bargon a cinya tana sauri, tana huda da zurfi yadda ta saba. Abin da ya faru kun riga kun ji.

Tana tsaye dafe da ƙugu, mata na ta ihu. Juwairiyya ta ce, "Jannatu, kin yi sa'a, bargo da gyaran tsohuwa!" Na duba Jannatu, sai na ga ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Tun da ta zo garin nan ban taɓa ganin dariyarta ba sai ranar. Goggo ma ta gani, har ta ƙara jan bargon da gangan don zanin ya sake motsi.

Hajiya ta share hawaye ta miƙo reza. "Mai bargo, taso ki ƙwaci kayanki, kafin ta tafi da shi ɗaki."

Jannatu ta taso ta durƙusa a gaban Goggo. Ɗinkin ƙwarya ba ya kwantuwa da sauƙi, sai ta riƙa bi zare-zare, kanta a sunkuye dab da gwiwar tsohuwar.

"Goggo, wannan ai ko kura kika ɗaure da shi ba ta tsinkawa," in ji ta.

Wannan ce doguwar magana ta farko da ta taɓa yi mata. Daɗi ya kama Goggo. Ta ɗora tafinta a kan Jannatu ta shiga sa mata albarka, a hankali, da harshen da uwarta ta sa mata albarka da shi. Ba ta ma san Fillanci take yi ba.

Rezar ta tsaya. Mu da ke kusa muka ga bayan Jannatu ya sandare. Ba ta ture hannun ba. Sai ta ci gaba da yanka zaren har ta raba zani da bargo. Ta ninke bargon da kyau, duk da ba ya ninkuwa, ta ɗora shi a hannun Goggo.

"Goggo, ki yafe ni. Ba zan iya ba."

"Ɗinkin ne, 'yar nan? In kwance in sake. Zan sassauta hannu."

"Ba ɗinkin ba ne. Na san ba ke ba ce, wallahi na sani. Amma ba zan iya rufa da shi ba."

Goggo ta ce, "To."

Juwairiyya ta yi maza ta ce ita tana so, dama ɗakinta na yoyo. Wasu ma suka miƙo hannu. Goggo ta ce layin ba nasu ba ne. Hajiya ta ce to ta yafe doka, Goggo ta rufa da abinta. Goggo ta ce ita ba a yafe mata doka. Aka ɗora shi a kan durowar Hajiya.

Mun ɗauka ba za ta ƙara fitowa ba. Alhamis na zagayowa sai ga ta da allurarta. Abu ɗaya ne ya canja: ba mu sake jin Fillanci a bakinta a tsakar gidan nan ba. Da, in allura ta soke ta, da shi take yin tsaki da mita, mu yi ta kwaikwayonta. Yanzu sai ta tsotsi yatsa kawai.

Layi ya ci gaba da juyawa, har wata rana na Jannatu ya faɗo kan Goggo. Jannatu tana da hannu, layukanta kamar an ja da igiya. Aka ɗaga shi, kowa ya rasa aibin da zai faɗa, aka ce wa Goggo ita ce mai bargo, dole ta yi masa tsiya. Ta zagaya shi, ta shafa, ta leƙa baya.

"Ba ya riƙe ruwa," in ji ta.

Ta karɓa da hannu biyu. Da shi take rufa har yanzu. Tun daga nan, in zare ya ƙi shiga wa Goggo, Jannatu kan miƙo hannu ta zura mata, ba tare da ta ɗago kai ba. Iyakar abin da ta iya ke nan, kuma ba wanda ya nemi ta ƙara.

Da hanya ta ɗan lafa, dangin mijin Jannatu suka zo mayar da ita Kutemeshi da yaranta. Da safen tafiyar Goggo ta hau kujera da kanta ta sauko da koren bargon, ta kakkaɓe shi, ta ajiye a kan ƙullin kayan Jannatu, ta shige ɗakinta don kada a ji nauyinta. Aka ɗaure kaya a babura, aka yi sallama, aka yi kuka. Jannatu ta je har ƙofar ɗakin Goggo ta durƙusa ta yi mata ban kwana. Da muka dawo daga rakiya, bargon na kan turmi a ninke, an ɗora faifai a kansa don kada kaji su hau.

Goggo ta tsufa yanzu, ido ya rage, amma ba ta fashin Alhamis. Ta ɗinka wasu bayan wancan, duk masu zurfin ciki, duk an karɓa. Duk baƙon da ya fito ta wajen Tabanni sai ta tare shi da gaisuwa mai tsawo, ba ta tambayar komai, tana dai duban bakinsa ko zai faɗi wani abu game da wancan yaron.

Kwanan baya na same ta tana rufe bakin wani bargo a cinya, na ce, "Goggo, a ɗaga zani dai. Har yau ban gane yadda mace da hankalinta za ta ɗinke kanta ba."

Ba ta ɗago ba, ta ja zarenta da ƙarfi yadda ta saba.

"Ba ni na ɗinke shi ba, 'yar nan," in ji ta. "Koren bargon ne ya riƙe ni. Ya riga ni sanin ba inda za shi."