Yadda Katako Ya Rasa Hannu

Katako ake ce masa a sito, don ko buhu ya faɗo masa a ƙafa ba ya cewa wash. Ɗan dako ne, tun gemu bai fito masa ba yake sauke siminti daga manyan motoci. Da bayansa ya fara ciwo, wani abokin aiki ya ba shi ƙwaya. Da ƙwayar ta daina yi masa aiki, sai ya koma allura a bayan sito, inda sirinji ɗaya ke zagaya kowa. A nan ya kwashi ƙanjamau. Yayarsa, wadda yake kwana a gidanta, ita kaɗai ta sani, kuma ita ke tisa ƙeyarsa zuwa karɓar magani.

Wata rana da tsakar rana rigima ta kaure wajen lodi. Wani sabon ɗan dako, shi ma a buge, ya zaro ƙugiyar jan buhu ya kafta wa Katako a damtsen hagu, ya ja har gwiwar hannu. Katako ya sa masa kai ya zubar masa da haƙora, sannan ya naɗe hannun da riga ya nufi asibitin unguwa a ƙafa.

Nas ɗin da ke bayan taga ta dubi jajayen idanunsa da tabon allura.

"Je ka wartsake tukuna. Ba ma ɗinke 'yan maye."

"Baiwar Allah, dubi hannuna. Ai a nan nake karɓar maganin ƙanjamau."

Mutanen da ke kan benci suka dare. Wata mata ta fizge 'yarta daga inda jini ya ɗiga. Nas ta ja gilashi ta rufe.

Katako ya kai wa gilashin naushi ya tarwatse. Mai gadi ya taso da gora, ya yi ta jibgarsa a kan hannun da ke zubar da jini har ƙashin ya ce ƙas, sannan ya ja shi ta ƙafa zuwa bakin kwata.

A can yayarsa ta same shi, ƙudaje sun rufe rigar. Ta shaƙe wuyan mai gadin.

"Ƙanina ne! Kare ka samu?"

Da kyar aka ɓamɓare ta. Ita da wani mai amalanke suka tura shi babban asibiti, inda likita ya sa safar hannu ya hau aiki ba tambaya. Ya tsira da rai, amma sai da aka yanke hannun.

Allura ya bari, ƙwaya kuwa har yanzu sukan gaisa idan dungun ya hana shi sukuni. Shara yake yi a sito da hannu ɗaya. Duk ɗan dakon da ya ji rauni, a buge ko garau, Katako ke raka shi asibitin unguwa, ya tsaya bakin taga sai an kira mutumin ciki.