Sallamar Malama Hafsat

Duk Kambarawa babu wanda bai san Malama Hafsat ba. Ita ta koya wa rabin unguwar karatu a firamare, har da ni, kuma kunnena na hagu bai manta da yatsunta ba. Da ta yi ritaya, abin da ta kwaso daga aji shi ne kwalin tsofaffin littattafan tatsuniya, waɗanda gara ta ɗanɗana gefensu. Mijinta ya rasu, 'yarta tilo, Fadila, tana aure a Legas. Gida ya zama daga ita sai kaji.

Ba a tatsuniya da rana, don haka sai an idar da magariba take shimfiɗa tabarma a gindin katanga, ta sa tabarau, ta buɗe littafi. Kowane labari da "Ga ta nan, ga ta nanku" yake farawa. Dokarta ce tun tana aji, in ba a amsa ba, ba ta ƙara ko harafi. Hali zanen dutse.

Allah ya haɗa ta da maƙwabciya, Naomi, wata nas 'yar Filato da ita ma 'ya'yanta suka watse. Daga bayan katanga, tana wanke kwanuka, sai ta ɗaga murya: "Ta zo mu ji ta, Malama!" Tsofaffi biyu, ba sa ganin juna, suna ƙyalƙyala dariya kan labarin 'yan aji biyu. Mu muna wucewa muna cewa tsufa ya zo da gardama.

Bara Naomi ta ajiye aiki ta koma garinsu. Masu hayar da suka shigo, janareto kawai suke kunnawa.

Ranar nan Malama ta kira ni in haɗa mata kiran bidiyo da jikanta Sagiru. Har sabon mayafi ta yafa.

"Maigidana," ta ce masa cikin wasan jika, "ga ta nan, ga ta nanku."

Yaron ya leƙa bayanta ta cikin wayar. "Ina take, Kaka?"

Fadila ta yi dariya, ta ce yaran nan ba su san wannan ba. Malama ma ta yi dariya, amma wallahi tausayinta ya kama ni.

Bayan an kashe wayar na ce, "Malama, ki karanta abinki mana. Dole sai an amsa?"

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon nan na da.

"Kai ɗan nan, ka taɓa shiga gida ba a amsa maka sallama ba?"

Har yanzu in an idar da magariba takan buɗe littafin, ta juya wajen katanga ta faɗa da ƙarfi. Sai ta jira, yatsanta a kan layin farko, har a kira isha'i.