Malam Jaji, Wanda Ya Tuna wa Alhaji Sunan Ɗana

Kullum da hantsi Malam Jaji yakan fito daga Kankia a kan tsohon kekensa, da jakar takardu ɗaure a baya, yana bin wuraren gini. Malamin ƙwadago ne. In lebura ya ji rauni a bakin aiki, shi ke binciko wanda diyya ta hau kansa. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, shi ya sa na ɗauki biro, duk da karatuna bai wuce aji huɗu ba.

Bara ɗana Dawuda yana aikin kwalbati a hanyar Kusada, bulo ya rufto masa a ƙafa. Ga mata da 'ya'ya biyu, ga damina ta ƙarato, ga ƙafa a ɗaure. Ko tuwo na kasa haɗiyewa.

Na je wurin mai kwangilar, Alhaji Ɗanmaliki. Ya ce, "Wane Dawuda? Ni siminti kawai nake kawowa. Je ka ga helima." Shi kuma heliman leburori ya ce direban tifa ne ya kwaso su daga Yashe. Direba ya ce shi yashi yake ɗauka, wanda ya hau bisa yashi ba ruwansa. Sati uku ina zagaye. Saura kaɗan a ce jakin mai ruwa ne ya ɗauki ɗana aiki.

Daga ƙarshe na kai kuka wurin Malam Jaji, ya saurare ni yana tauna goro. Ya ce, "Baban Dawuda, ɗan naka ya iya barci?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin da ya rage mishi ke nan."

"To gobe a kawo shi wurin aiki."

Muka kai shi a amalanke, muka kwantar da shi a kan buhunan siminti, muka rufe ƙafar. Malam Jaji ya tsuguna wurin Iyatu mai fura kamar baƙo. Direba ya wuce, ya yi sannu. Helima ya kau da kai. Sai ga Alhaji ya sauko daga mota. Ashe Malam Jaji ya binciko halinsa: bai iya ganin lebura a kwance ba.

"Dawuda! Ragon banza! Bisa simintina? Ni na ɗauke ka, kuma yau na kore ka!"

Malam Jaji ya ajiye ludayi, ya zaro biro. "Alhaji, a maimaita a hankali, hannuna ba ya sauri."

Leburori sha biyu da Iyatu suka dangwala yatsa a takardar shaida. Diyya ta fito. Dawuda ya sayi keken ɗinki, da ƙafar mai lafiya yake taka shi.

Malam Jaji, kai ne na kai wa zabi biyu ka ce in mayar a yi wa majinyaci romo. Kai ne ka dawo mini da cin tuwo. Na gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka. Ku masu gadar kujerarsa, ku gaji kekensa ma, ku riƙa zuwa inda ake aikin.

Alhaji kuwa, an ce yanzu in ya ga lebura a kwance, sai ya fara dubawa wurin mai fura.